Maigidana ya tashi daga jinya, amma kamar an musanya mini shi

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce daga wani gari kusa da Argungu, shekarata 19 a ɗakin mijina, Allah ya ba mu 'ya'ya shida. Maigidana manomin shinkafa ne, yana kuma saye da sayar da ita, shekarunsa 47. Wata 11 da suka wuce, yana cikin alwalar Magariba sai ya dafe ƙeya ya ce kansa zai tsage, ya yi amai, ya faɗi. Daga wannan asibiti zuwa wancan aka gano cewa wata jijiyar jini ce da ta kumbura a cikin kansa ta fashe. An yi masa aiki aka matse ta da ɗan ƙarfe, ya kwana tara bai san inda yake ba, muka yi kusan wata biyu a asibiti, sai da aka sayar da gona ɗaya da shanun huɗa.

Yanzu yana tafiya da ƙafarsa, yana magana, hannun hagu ne kawai bai gama ƙarfi ba, kuma duk wanda ya zo gaisuwa cewa yake ya warke. Amma mutumin da ke lissafin buhu ɗari da ka, yau canjin dubu biyar yana rikita shi. Yana manta raka'ar da yake, kafin azahar ya gaji liƙis, hayaniyar yara na sa shi faɗa, rannan har ya jefe ni da kofi, abin da bai taɓa yi ba. Sau biyu ya yi farfaɗiya. Da zarar kansa ya ɗan sara sai ya fara wasiyya, kuma kwanan nan ya ce mini gara da an bar shi ya tafi. Yayansa ya karɓe gona da cinikin duka, yana cewa sammu ne, a bar maganin asibiti a koma na gida, Inna, mahaifiyarsu, kuma ta goyi bayansa. Na gaji, har ina tunanin in tafi gidanmu, sannan in ji kunyar kaina. Shin zai dawo yadda yake? Me zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya, Allah ya sa kaffara ce gare shi, ya ba ki ladan abin da kike yi wanda ba wanda yake gani. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kowa yake cewa ya warke alhali ke kin san akwai saura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba butulci kike yi wa Allah ba don kin lura da abin da ya ɓace, domin mutum yana iya yin godiya cewa mijinsa ya rayu, a lokaci guda kuma yana kewar mutumin da ya sani, kuma duka biyun gaskiya ne a zuciya ɗaya.

Zan fara da maganar da ya faɗa, cewa gara da an bar shi ya tafi, domin ita ce ba ta jira. Kada ki ɗauke ta a matsayin ɓacin rai na lokaci guda, kada kuma ki rufe masa baki da "haba Malam, wannan ai saɓo ne", don idan aka yi masa haka sau ɗaya ba zai sake furtawa ba, sai ya ci gaba da riƙe abin shi kaɗai. Ki nemi lokacin da yara suka yi barci, ki tambaye shi a hankali ko tunanin cutar da kansa yana zo masa. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Tun yau kuma ki kwashe maganin ƙwari da na ciyawa da ake ajiyewa a zaure ko rumbu, kamar yadda yake a kowane gidan manomi, ki ba wani amintacce ya ajiye a wajen gidan, magungunansa na asibiti su ma su zauna a hannunki. Ciwon damuwa da fargaba suna yawan biyo bayan irin wannan zubar jini, wani ɓangare saboda raunin da ƙwaƙwalwa ta samu, wani saboda baƙin cikin namijin da ya wayi gari ana ciyar da shi, kuma ciwo ne da yake da magani. Ki faɗa wa likitansa kalmomin da ya furta kamar yadda ya furta su. Idan aka tura ku wajen likitocin lafiyar tunani, ko a Birnin Kebbi ko a asibitin tarayya na masu taɓin hankali da ke Kware a jihar Sakkwato, kada sunan wurin ya firgita ku. Masu rashin barci da masu damuwa da masu farfaɗiya duk suna zuwa can su koma gida a ranar.

Yanzu ga abin da ya same shi, da kwatancin da shi kansa zai gane. Kin san tiyon injin ban-ruwa na fadama, yadda wani wuri a jikinsa yake yin laushi ya kumbura kamar ƙwai, ruwa na ta dukansa har wata rana ya fashe. Haka jijiyar jini take yi a ƙasan ƙwaƙwalwa, likitoci suna kiran kumburin aniyurizim. Kusan mutum 3 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi ba su sani ba, kuma mafi yawansu har su koma ga Allah ba ya fashewa. Hawan jini da shan taba su ne manyan abubuwan da ke tura shi ga fashewa. Idan ya fashe, jini yakan malala ya kewaye ƙwaƙwalwa, sannan a makonni biyu na farko sauran jijiyoyin sukan tsuke su rage jinin da ke kaiwa wasu sassa. Ƙarfen da aka sa masa ya toshe inda ya fashe, amma bai goge tabon da waɗannan kwanaki suka bari ba. Daga wannan tabo ne mantuwa ta fito, da rikicewar lissafi, da gajiyar da barci ba ya kore ta, da saurin fushi, domin sashen da ke taka wa mutum birki kafin ya yi magana ko ya ɗaga hannu shi ma yana iya taɓuwa. Mutane da dama da wannan ya same su ba sa ma isa asibiti da rai, shi ya sa idan mutum ya miƙe da ƙafarsa kowa yake ganin magana ta ƙare, alhali ga iyalinsa a lokacin ne wata jinyar take farawa.

Kin tambaye ni ko zai dawo yadda yake, kuma ba zan yi miki daɗin baki ba. Mafi saurin farfaɗowa yakan zo ne a watannin farko zuwa shekara guda, bayan nan sauƙi yana ci gaba amma a hankali, har shekara biyu ko fiye. Wasu suna komawa sana'arsu, wasu da yawa kuma suna rayuwa da saura: gajiya, ko mantuwa, ko canjin hali. Mai yiwuwa ne lissafin buhu ɗari da ka ba zai dawo ba. Amma a fahimtata daɗin rayuwar irin waɗannan bayin Allah bai rataya ga ƙarfin hannu ko kaifin ƙwaƙwalwa kaɗai ba; abin da ya fi tasiri shi ne ko mutum yana da abin da yake tashi dominsa da safe, ko ana neman shawararsa, ko damuwarsa ta samu magani, ko tsoro ya sake shi. Waɗannan kuwa duk akwai abin da za a iya yi a kansu, kuma a nan ne nake ganin an yi wa Malam asarar da ba ciwon ne ya yi masa ita ba.

Ina nufin maganar gona. Ba na zargin yayansa da mugun nufi, domin wataƙila shi ne ya yi ta zirga-zirga lokacin da ake neman kuɗin aiki, kuma da ya ga ƙaninsa yana kuskuren canji sai ya ji tsoron dukiyar marayun gobe ta salwanta. Sai dai karɓe komai daga hannun mutum da sunan tausayi yana gaya masa kullum cewa an gama da shi. Ki nemi wani dattijo da yayan yake jin nauyinsa, kawunsu ko limamin unguwa, a zauna a yi tsari a fili: yayan ya ci gaba da riƙe kuɗi da manyan ciniki na ɗan lokaci, amma duk ranar Juma'a ya zo da littafi ya karanta wa mai dukiya abin da ya shiga da abin da ya fita, a gaban shaida ɗaya, kuma kada a sayar da ko taki ɗaya na gona sai da saninsa. Wannan kariya ce ga yayan kansa daga zargin da zai iya tasowa nan gaba, don haka ki gabatar masa da ita a haka. Shi kuma Malam a mayar masa da abin da bai manta ba. Mutumin da ya yi shekaru a fadama, idan ya damƙi shinkafa ya murza a tafin hannu ya ciza ƙwaya ɗaya, ya san ta bushe ko ba ta bushe ba, kuma irin wannan sani na hannu da ido yakan daɗe bai gushe ba ko da lissafi ya gudu. A riƙa kai shi gona da sanyin safiya sau biyu a mako, awa ɗaya, ya duba iri, ya faɗa wa ma'aikata inda ruwa ya yi yawa, a dawo da shi kafin rana ta take. Saboda farfaɗiyar nan, babban ɗanku ne zai tuƙa babur, ba shi ba, kuma kada ya shiga kwalekwale ko ya tsaya bakin gulbi ko rijiya shi kaɗai har sai likita ya sake masa.

Game da batun sammu, kada ki shiga jayayya da Inna, domin uwa ce da ta ga ɗanta ya koma wani mutum, tana neman dalilin da hankalinta zai ɗauka, kuma ke suruka ce, duk abin da kika faɗa da zafi zai koma rashin kunya. Addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani ba wanda zai hana, ki ma roƙe ta ta riƙa zuwa tana yi masa, zai ji daɗi. Iyakar da za ki tsaya a kai guda biyu ce. Ba za a dakatar da maganin hawan jini da na farfaɗiya ba, domin yanke maganin farfaɗiya kwatsam yana iya tayar da wadda ta fi ta baya tsanani, hawan jini kuma shi ne ruwan da ke dukan tiyo. Sannan ba za a ɗura masa jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, ko a turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ki roƙi yayan ya raka ku ganin likita na gaba, a nuna masa hoton kan da idonsa, ya ga ƙarfen, ya yi tambayoyinsa. Abin da zai ƙi ji daga bakin matar ƙaninsa, yakan karɓe shi daga bakin likita, shi kuma ya isar wa Inna.

Kafin wannan tafiya, ki sayi ɗan littafi na 'yan makaranta ki riƙa rubuta abin da kike gani na mako biyu: lokacin da ya gaji, abin da ya faru kafin ya yi fushi, ranar da kai ya yi ciwo, da awon jininsa idan kun samu na'urar awo ta gida, wadda ta cancanci kuɗinta. Likita yana ganinsa na minti goma ne yana zaune tsaf yana cewa "lafiya lau", ke ce kike da sauran labarin. Idan asibitin da aka yi aikin ya yi muku nisa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato yana da sashen tiyatar ƙwaƙwalwa, sai ku tafi da duk takardunku da hotunan da aka ɗauka. Ki tambaya ko lokacin sake hoton jijiyoyin ya yi, ki kuma ambaci ƙarfen da ke kansa duk sa'ad da za a sa shi a na'urar hoto mai maganaɗisu. Ki nemi a duba jininsa, domin ƙarancin jini da raunin wasu sinadaran jiki da ƙwaƙwalwa ke sarrafawa suna ƙara gajiya, wani lokaci kuma maganin farfaɗiyar kansa ne ke kawo kasala ko zafin rai, likita yana iya canza shi. Hannun hagu kuma aikin masu gashin ƙashi ne, su koya muku motsin da za ku riƙa yi a gida. Ta fuskar kuɗi, ki sa a bincika muku a KECHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kebbi, ko akwai tsarin da zai rage muku nauyin magungunan yau da kullum.

Akwai abu guda da nake so ki sa wa ido sosai. Bayan irin wannan zubar jini, wani lokaci ruwan da ke kewaya ƙwaƙwalwa yakan kasa wucewa ya taru a hankali. Alamarsa ita ce mutum ya riƙa ja da baya maimakon ci gaba: tafiya ta koma jan ƙafa kamar an manne shi da ƙasa, fitsari ya riƙa kufce masa, rikicewa ta ƙaru. Wannan ana gyara shi da ɗan siririn bututu da ake sakawa ya janye ruwan, don haka kada a zauna a ce tsufa ne ko aljanu. Shi kuwa ciwon kai, ku bambanta iri biyu, domin sanin bambancin ne zai rage masa wasiyyar da yake yi. Ɗan sarawar kai da ke zuwa da gajiya ko rana ko rashin barci abu ne da aka saba gani bayan aiki, kuma jijiyar da aka matse da kyau ba kasafai take sake fashewa ba. Wanda ake gudu da shi asibiti ko da tsakar dare shi ne wanda ya sauko lokaci guda da tsananin da ya san irinsa, ko ya zo da sanƙarewar wuya, ko amai, ko sabon shanyewar gaɓa, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko farfaɗiyar da ta wuce minti biyar. Kada a saya masa maganin ciwon kai barkatai a kemis, musamman asfirin da tiramadol, na biyun yana iya tayar da farfaɗiya. A rage gishiri da dunƙulen miya a tukunyar gidan gaba ɗaya don kada ya ji an ware shi, kuma idan yana shan taba, ko a ɓoye ne, wannan ita ce abu na farko da za a yanke.

A cikin gida, ki ɗauki ƙarfinsa kamar cajin tsohuwar waya, wanda yake cika da safe ya ƙare da wuri. Duk abin da ke buƙatar tunani a yi shi kafin hantsi, bayan azahar ya kwanta ko da bai ji barci ba, baƙi kuma su zo ɗaya ko biyu, kada a cika masa zaure. Ki riƙa faɗa masa abu ɗaya a lokaci ɗaya, ki bar shi ya nemo kalmarsa ba tare da an ƙarasa masa ba, kuma ki daina gwada shi da "ka tuna abin da na ce jiya?", ki maimaita kawai. Maganar salla na san tana cin ransa fiye da lissafi. Malaman fiƙihu sun yi sauƙi ga wanda shakka ta zame masa jiki, kuma wanda ke bin liman, liman yana ɗauke masa rafkanuwa, saboda haka ɗanku ya riƙa raka shi masallacin unguwa, idan ya gaji kuma ɗan ya ja shi salla a gida. Zai samu jam'i, zai kuma ga mutane. Azumi idan ya zo, a tambayi likita tukuna saboda lokutan magani. Yara kuwa ki tara su ki gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, cewa kan Baba ne yake da ciwo a ciki, ƙara tana yi masa zafi kamar yadda haske ke yi wa mai ciwon ido, ba tsanarsu ya yi ba. Kada tsoron gadon ciwon ya dame ki a kansu. Yawanci sai an samu mutum biyu ko fiye na jini ɗaya, iyaye ko 'yan'uwa ko 'ya'ya, da wannan ciwo ne likitoci ke ba da shawarar a duba sauran. Abin da ke tsakaninki da shi na aure ma, idan tsoro ne ya raba ku, tambaya ce da likitoci suka saba ji, kuma galibi bayan an toshe jijiyar ba a hanawa.

Saura kofin da ya jefe ki da shi, da tafiyar da kike tunani. Ciwo ya bayyana dalilin abin da ya yi, amma bai wajabta miki tsayawa a jefe ki ba. Idan kika ga alamar ya fara hawa, ki janye yara ki fita tsakar gida ba tare da mayar da magana ba, bayan ya huce ki gaya masa a taƙaice cewa abin ya yi miki ciwo. Da yawansu suna jin kunya mai tsanani bayan haka, wanda ita ma take ƙara musu damuwa. Idan kuwa abin ya kai ga duka, ko ya juya kan yara, to ki sanar da magabatanki da nasa a ranar, ki matsa inda kike da aminci har a gyara magani, kuma ba wanda ya isa ya kira wannan gudun jinya. Amma abin da na karanta a wasiƙarki bai yi mini kama da mace mai son rabuwa ba, ya fi kama da wadda ta yi wata 11 ba ta yi barci mai nauyi ba. Saboda haka kada ki bari ta kai ki ga yaji. Ki nemi hutu da sunansa, a cikin wannan zaman da za a yi da dattijo. A sa ƙanwarsa ko Inna ta riƙa karɓarki yini ɗaya a mako, kuma ki je gidanku ki kwana uku da yardar kowa, a san ranar tafiya da ranar dawowa. Ki auna naki jinin ke ma, domin masu jinya suna yawan manta kansu har su faɗi. Idan kina da 'yar sana'a da kika ajiye, ko surfe ne ko ƙulle-ƙullen kayan miya, ki tayar da ita, saboda kuɗin da kuma saboda ki samu abin da yake naki.

Ranar da za ki tafi gida, ki rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe ranar da za ki dawo, ki manna a bango inda yake ajiye carbinsa, domin zai manta ya tambaya, kuma duk wanda ke kusa sai ya nuna masa. Idan kun dawo daga ganin likita, ki sake rubuto mini abin da aka ce game da maganin farfaɗiyar da kuma yadda zaman da yayansa ya kasance. Allah ya ƙara masa sauƙi, ya dafa miki.